Mas'ala: Hadda Ba Fahimta a Aji Ɗaya

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu.

Bayan haka, ka sani ya ɗan'uwa, yaro ɗan shekara 6 a Jisonayili ta Tamale harshe uku yake ɗauka a yini guda: Dagbanci a ɗakin uwarsa, Larabci a gaban afa, wato malamin allo, Turanci a aji ɗaya. Tun 1987, da gwamnatin Gana ta kafa sashen ilimin Musulunci, makarantu da yawa suka haɗa Larabci da boko.

To, shin ya halatta malami ya bar yaro yana rera ƙidaya da Turanci alhali bai san abin da yake faɗa ba? Wani zai ce ai haka muka haddace Fatiha. Wannan ƙiyasi bai inganta ba. Alƙur'ani lafazinsa ibada ne, mai karanta shi yana da lada ko bai gane ba, ma'ana ta iske shi daga baya. Lissafi kuwa ba a bauta wa Allah da lafazinsa. Malamin da ya karɓi albashi ya mai da yaro aku ya ci amana, ko da ajinsa ya cika da amo.

Na taɓa jin wata yarinya tana zuba ƙidaya har ɗari da Turanci. Na ajiye mata goro bakwai, na tambaye ta adadinsu da Turancin, ta yi shiru. Innarta ta maimaita tambayar da Dagbanci, yarinya ta taɓa goron ɗai-ɗai, ta faɗi daidai.