JINYAR KWANAKIN ƘARSHE: AIKIN IYALI DA NA IKKILISIYA



Akwai maganar da kowane iyali ke tsoron ji daga bakin likita, wato a ce an yi iyakar ƙoƙari, a mai da mara lafiya gida. Idan aka ji haka, waɗansu sukan sayar da gona da shanun noma, su ɗauki majinyaci zuwa Zariya ko Sakkwato, ya cika a hanya ko kuwa cikin baƙi. Waɗansu sukan koma neman wanda ya yi masa sammu ko maita, har zumunci ya lalace. Waɗansu kuma sukan bar jinyar duka a wuyan mace ɗaya, matarsa ko ɗiyarsa, har ita ma ta kwanta. Muna so mu tunatar da juna cewa ranar da aikin warkarwa ya ƙare, aikin jinya bai ƙare ba.

Wannan aiki yana da tarihi. A 1842 wata gwauruwa mai suna Jeanne Garnier ta tara mata a birnin Liyon na Faransa domin jinyar waɗanda ciwonsu ba ya warkewa. A 1879 Sistocin Ƙauna na ƙasar Ailan suka buɗe gida a Dublin domin masu jiran ajali. A 1952 Uwa Teresa ta buɗe nata a Kalkata ta Indiya. A 1967 kuma Cicely Saunders, wadda ta fara da aikin nas kafin ta zama likita, ta kafa gidan St Christopher a Landan, inda aka haɗa ilimin likita da tausayi. Irin wannan jinya ita ce ake kira hospis. Ita ce ta koyar cewa zafin mai mutuwa ya wuce na jiki kawai: akwai na zuciya, da na damuwar iyali, da na ruhu, kuma dole a kula da su gaba ɗaya.

Kada mu ɗauka abin na Turai ne kaɗai. Likita Anne Merriman, wadda ta yi aikin asibiti a nan Nijeriya, ta kafa irin wannan hidima a Kampala ta Uganda a 1993. Ta nuna cewa ana iya yin jinyar a gidan majinyaci, da maganin mofin na ruwa mai sauƙin kuɗi. A ƙasarmu, Asibitin Koyarwa na Ibadan ya buɗe sashen wannan jinya a 2007, kuma a 2014 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya buƙaci ƙasashe su sa ta cikin ayyukan lafiyarsu. Darasin a gare mu shi ne, ɗakin mara lafiya a Magami yana iya zama gidan jinyar nan idan an sami sani da masu taimako.

Me Ikkilisiya take koyarwa? Rai na Allah ne, ba mu da ikon ɗauke shi ko gaggauta ƙarshensa. Amma Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya bayyana a wasiƙarsa ta 1995 kan darajar rai cewa barin wani magani mai tsananin wahala, wanda ba zai hana mutuwar da ta gabato ba, ba kisan kai ba ne. Tun a 1957 Paparoma Pius na Goma Sha Biyu ya halatta maganin kashe zafi ga mai mutuwa, ko da zai iya rage kwanakinsa, muddin nufin shi ne sauƙaƙa azaba. Saboda haka iyalin da suka dawo da tsohonsu gida bisa shawarar likita ba su yi zunubi ba, kuma barin mutum yana kukan zafi ba ibada ba ce.

Kafin ku bar asibiti, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko wani, ku tambayi likita maganin zafi, da yadda ake ba da shi, da wanda za ku kira idan ciwo ya tsananta. Wannan yana da muhimmanci domin rashin tsaro ya sa tafiyar dare tsakanin Magami da Gusau ta zama da haɗari. Ana ba da maganin a kan lokacinsa, ba a jira sai zafi ya dawo. Mofin yakan kawo taurin ciki, don haka a nemi maganinsa tare.

Sanin alamun ƙarshe yana rage tsoro. Majinyaci yakan rage cin abinci, barcinsa ya yawaita, hannu da ƙafa su yi sanyi, numfashi ya riƙa tsayawa yana dawowa. Kada a ɗura masa kunu dole, domin yana iya shaƙewa. A jiƙa masa leɓe da tsumma mai tsabta. A riƙa juya shi kamar bayan kowace awa 2 don kada bayansa ya yi gyambo. Sau da yawa yana ji ko da ba ya amsawa, saboda haka kada a yi gardamar gado a kansa. A kira sunansa, a riƙe hannunsa, a yi masa Rosari a hankali.

Makonnin nan lokaci ne na gyara tsakani. A faɗa wa mara lafiya gaskiya da taushin harshe gwargwadon yadda yake so ya ji, domin ya bar wasiyya, ya faɗi bashin da ke kansa da wanda yake bi, ya yafe, a yafe masa, ya sa wa ƴaƴansa albarka. Wasiyya a gaban shaidu takan tsare gwauruwa da marayu daga rikici. Kada a kore yara gaba ɗaya. A bar su su gai da kakansu.

Ku kira Fada da wuri. Wasiƙar Yakubu, sura 5, aya 14 da 15, ta umarce mu mu kira dattawan Ikkilisiya su yi addu'a, su shafa wa mara lafiya mai. Shafewar Marasa Lafiya ba sallamar gawa ba ce, kuma zuwan Fada ba ya jawo mutuwa. Idan an kira shi tun mutum yana cikin hankalinsa, zai furta zunubansa, ya karɓi Jikin Almasihu ya zama masa guzurin tafiya. Inda hanya ta hana Fada isowa, katikis da dattawa su taru su yi addu'a, su taimake shi ya tuba da zuciya ɗaya. Jinƙan Allah ba ya jiran mota.

Mai jinya ma yana bukatar jinya. A kan gicciye, kamar yadda Bisharar Yohanna sura 19 ta nuna, Yesu ya damƙa mahaifiyarsa ga almajirin da yake ƙauna, wato ya kula da wadda zai bari. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna roƙon Zumuntar Mata su tsara kwanan jinya bi da bi, domin mai jinya ta sami barci. Matasa su ɗebo ruwa da itace, su yi wa gidan gayya a gona. Maza kada su ce wanka da juya majinyaci aikin mata ne. Maƙwabcinmu Musulmi idan yana jinya, mu je da ƙoshiya da gaisuwa, yadda su ma suke zuwa mana. Bayan jana'iza, sa'ad da masu ta'aziyya suka watse, a nan kaɗaici yake farawa. Mu ci gaba da zuwa, gama zumunta a ƙafa take.

A Getsamani Ubangijinmu ya roƙi almajirai uku su zauna a faɗake tare da shi, barci kuwa ya ɗauke su. Yana maimaita roƙon nan ta bakin kowane ɗan'uwa da ke kan tabarmar ƙarshe. Kowace ƙungiya a Ikkilisiyarmu ta bincika wannan mako ko akwai gidan da ake irin wannan jinya, ta sanar da katikis.

Waliyyi Yusufu, majiɓincin masu mutuwa, ya yi addu'a dominmu. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙarfafa masu jinyarsu, ya sa mu cika cikin alherinsa. Amin.