Mudu da Ido: Shin Ana Ba Na'ura Amana?

Duk mai kiwo ya san cewa tafiya ba ta da wuyar shiri kamar ranar da za a bar mai rai a gida. Kaya ana kulle su a ɗaki a tafi, amma akuya da kaza da shuka ba su san mai gida ya yi tafiya ba, yunwarsu tana nan a kan lokacinta. Shi ya sa tun fil azal Bahaushe ba ya kama hanya sai ya leƙa gidan maƙwabci ya ce, "Malam, ga gida nan, amana."

A unguwanni irin su Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, inda ma'aikata da 'yan kasuwa suke da yawa, kiwon ya soma sauya kama. Bayan tarwaɗa a tankin roba, yanzu akwai masu ajiye kifin ado a akwatin gilashi, wasu har da tsirrai masu rai a ciki. Wannan salo na shirya lambu a ƙarƙashin ruwa, wani ɗan Japan, Takashi Amano, wanda ya rasu a 2015, yana cikin waɗanda suka yaɗa shi a duniya. Tsirran suna buƙatar abin da manomi ya sani a buhun kamfa, wato NPK, da ɗan sinadarin ƙarfe, sai dai na ruwa ne, kuma da ɗigo ake ba su. Idan mai shi zai tafi hutun Sallah, ko aikin Hajji na wata guda ko fiye, akwai ƙaramin famfo mai agogo da yake zuƙo takin daga kwalba ta siririn bututu, ya ɗiga adadin da aka saita masa kowace rana. Tambayar ita ce: wanda ya saita wannan na'ura ya kulle ƙofa, ya sauke nauyin da ke kansa?

Mu fara yi wa na'urar adalci. A wajen awo ta fi mutum. Ba ta mantuwa, ba ta zuwa biki, ba ta cewa gobe na haɗa da na yau. Masu wannan kiwo sun san cewa maƙwabci mai tausayi ya fi mai sakaci ɓarna: yana ganin kifi yana buɗe baki sai ya ƙara abinci, yana ganin ganye ya yi fari sai ya ƙara taki. Ragowar ta ruɓe, ruwa ya gurɓace, gansakuka ta rufe gilashi. Alherin da ba shi da sani yakan kashe abin da yake so. Don haka wanda ya sayi na'urar ba rago ba ne, ya ɗaure raƙuminsa ne kafin ya yi tawakkali.

Sai dai akwai abin da agogo ba ya gani. Tun a ƙarni na 19 masanin sinadarai na Jamus, Justus von Liebig, ya yaɗa ƙa'idar cewa abin da ya fi ƙaranci shi ke iyakance girman shuka, ba yawan sauran ba. A ce an ɗauke wuta kwana uku, batirin sola ya gaza, fitilar akwatin ta mutu. Tsiron da ba ya samun haske ba ya cin taki yadda ya saba. Idan famfon yana da nasa batirin, zai ci gaba da ɗigawa kamar babu abin da ya faru. A zafin Afrilu, lokacin da Kano takan haura digiri 40, ruwan yana ƙafewa, abin da ke narke a cikinsa yana ƙara kauri. Na'urar ba ta yi laifi ba, ta cika umarni. Amma umarnin na ranar da aka ba da shi ne, ba na yau ba.

A nan ne mudu da ido suka rabu. Hausawa suka ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Na'ura mudu ce tsantsa. Yaron maƙwabci da bai san sunan ko sinadari ɗaya ba, idan ya leƙo ya ga kifi sun taru a saman ruwa suna haki, zai san ruwa ba ya tsami banza, ya ɗauki waya ya kira. Amana ba maimaita aiki ba ce, lura ce da halin da abin yake ciki, da shirin sauya hannu idan hali ya sauya. Kuma amana tana buƙatar wanda za a tambaya. Ba a tsayar da famfo a ce masa, "Me ya sa?" Tambayar tana komawa kan wanda ya saita shi, ko yana Makka ko yana Legas. Wanda ya raba halitta da koginta ya tsare ta a gilashi, shi ne ya zama damina da rani a gare ta, kuma wannan nauyi ba ya zuwa hutu.

Akwai kuma wata asara ta ɓoye. Kowace na'ura da ta raba mu da cewa "don Allah ka duba mini" tana rage mana dalilin ƙwanƙwasa ƙofar juna. Da irin waɗannan ƙananan buƙatu ake ɗinka maƙwabtaka, wanda ya riƙe maka mukulli yau shi za ka riƙe wa gobe.

Mafita ba jefar da na'ura ba ce. A gwada ta mako guda ko biyu kafin tafiya, a rage awon takin da sa'o'in haske, domin ƙarancin taki na ɗan lokaci ya fi yawansa sauƙin gyara. Sannan a bar wa na'ura mudu, a bar wa mutum ido: a ba maƙwabci mukulli, a ce masa kada ya zuba komai, ya duba kawai. Idan aka dawo, shi za a kai wa tsaraba.