Ƙarfin Aro

'Yar'uwa, tiramol ɗin da samarinmu ke sha kafin su shiga fadamar shinkafa a Auyo, har 'yan tseren keke sun san shi. A 2019 hukumarsu ta duniya ta haramta shi. A 2022 aka soke sakamakon Nairo Quintana a tseren Faransa, bayan an gano shi a jininsa.

Mai tsere da ƙwaya abokan karawarsa ya ha'inta, ba gardama. To ɗanki da ya sha don ya ninka ƙwadago fa, wa ya cuta? Ni dai na ce jikinsa, wanda amana ce a hannunsa. Ƙwayar gajiya kawai take ɓoyewa, ga jijjiga irin ta farfaɗiya idan ta yi yawa. Amma fa da kuɗin muka yi cefane, ba mu tambaya ba.