Idan Naka Ya Ci Amana: Darasi Daga Ƙasar Malesiya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, mas'alar da wannan fili zai duba a wannan mako ita ce: idan shugaba Musulmi ne, kuma ɗan ƙabilar mutum, sai ta bayyana ya sa hannu cikin dukiyar jama'a, masu kukan a tuhume shi kuwa da yawansu ba Musulmi ba ne, ba kuma 'yan ƙabilar ba ne, to, ina ya kamata Musulmi ya tsaya? Ya shiga sahun baren da ke da gaskiya, ko kuwa ya rufa wa nasa asiri? Mutanen Malesiya sun sha wannan tambaya har wuya, kuma akwai abin lura cikin yadda suka amsa ta.

Malesiya ƙasa ce a kudu maso gabashin Asiya, wadda alhazai suka san mutanenta a Makka da tsari da natsuwa. Ta sami mulkin kai daga Ingila a 1957. Bisa ƙidayar 2020, Malayawa da sauran 'yan asalin ƙasa sun kusa kashi 70 cikin ɗari na 'yan ƙasa, Sinawa kashi 23, Indiyawa kuwa kusan kashi 7. Yawancin kakannin Sinawa da Indiyawa sun zo ne a zamanin Turawa, waɗancan don haƙar kuza da ciniki, waɗannan don aikin gonakin roba. Tsarin mulkin ƙasar ya ɗaure ƙabila da addini wuri guda, domin a ƙa'idarsa ba a kiran mutum Bamalaye sai in Musulmi ne. Saboda haka duk abin da ya taɓa ƙabila a can, sai a ce ya taɓa addini.

Tun daga farko aka gina siyasar ƙasar bisa jinsi: jam'iyyar UMNO ta Malayawa, MCA ta Sinawa, MIC ta Indiyawa, suka haɗu suna mulki, UMNO tana gaba. Ran 13 ga Mayu 1969, bayan wani zaɓe, rikicin ƙabilanci ya ɓarke a birnin Kuala Lumpur, hukuma ta ce mutum 196 suka mutu. Daga nan aka kawo sabon shirin tattalin arziki a 1971 don ɗaga Malayawa, waɗanda a lokacin yawancinsu talakawan ƙauye ne. Shirin ya fitar da mutane da yawa daga talauci, wannan ba a musu. Amma ya zama ƙofar da wasu manya suka riƙa kwasar kwangila da sunan ƙabila, tsoron sake aukuwar 13 ga Mayu kuma ya zama bulalar da ake nuna wa duk mai neman yin magana.

A cikin wannan hali ne aka kafa wata haɗakar ƙungiyoyi mai suna Bersih, ma'anar kalmar da harshensu ita ce tsabta. Bukatunsu ba su da wuyar ganewa: a tsabtace rajistar masu ƙuri'a, a sa tawadar da ba ta goguwa a yatsan wanda ya jefa ƙuri'a, a bai wa kowace jam'iyya dama a kafofin watsa labarai, a daina cin hanci. Sun fara fitowa ran 10 ga Nuwamba 2007, sanye da riguna ruwan ɗorawa. A fitowar 9 ga Yuli 2011, 'yan sanda sun watsa musu barkonon tsohuwa, sun kama fiye da mutum 1,600. A wannan zamani shugabarsu lauya ce 'yar asalin Indiya, Ambiga Sreenevasan, a gefenta kuwa akwai wani dattijon marubuci Bamalaye, A. Samad Said. Ganin Musulmi da Bahindu da Basine suna miƙa wa juna ruwa da gishiri don maganin hayaƙi abu ne da ya girgiza masu cin abinci da rarraba.

Ana nan sai babbar badaƙala ta fito. A 2009 Firayim Minista Najib Razak, wanda kuma shi ne Ministan Kuɗi, ya kafa wani asusun gwamnati mai suna 1MDB don raya ƙasa. A watan Yuli 2015 aka buga labarin cewa kusan dala miliyan 700 sun shiga asusun bankinsa na kansa. Kafin watan ya ƙare an tuɓe Babban Lauyan Gwamnati da ke kan binciken, an kuma sallami Mataimakin Firayim Minista da ya nemi bayani. Sabon Babban Lauya ya fito a Janairu 2016 ya ce kuɗin kyauta ce daga gidan sarautar Saudiyya, an ma mayar da mafi yawansu, babu laifi. Ma'aikatar Shari'a ta Amurka kuwa ta ce abin da aka karkatar daga asusun ya haura dala miliyan 4,500, an sayi jirgin ruwa na alfarma, da gidaje, da duwatsu masu daraja.

Bersih ta sake kiran jama'a ran 29 da 30 ga Agusta 2015. Sai dai a wannan karon jam'iyyar Musulunci ta PAS, wadda a da take kawo ɗimbin Malayawa, ba ta tara mutanenta ba, sai ya zama Sinawa suka fi yawa a titi. Nan da nan aka sami abin faɗi. Ran 16 ga Satumba wasu suka fito da jajayen riguna, suna cewa sun zo kare martabar Malayawa. Maganar da aka fara da sata sai aka juya ta ta koma maganar jinsi. A nan ne tambayar da aka buɗe wannan fili da ita ta tsaya a ƙofar kowane Musulmin ƙasar.

Adalci ne a saurari hujjar waɗanda suka noƙe, domin ba dukkansu ne aka saya ba. Na farko suka ce, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, aibin ɗan'uwa a cikin gida ake gyara shi. Na biyu suka ce, Sinawa sun riga sun riƙe kasuwa, in mulki ma ya suɓuce, me ya rage wa Malayawa da addininsu? Na uku suka ce, malamai sun yi gargaɗi game da fito-na-fito da shugabanni, domin fitinar da ke biyo baya takan fi zaluncin da aka guda. Kowace daga cikin ukun tana da nauyi, amma in an auna su da abin da ya faru, da kuma abin da Sunna ta koyar, sai a ga ba su ɗauki kayan da aka aza musu ba.

A fara da duban su wa suka ci, kuma wa aka cuta. Wanda masu bincike suka nuna a matsayin mai kitsa al'amarin, Jho Low, ɗan kasuwa ne Basine. Akwai Malayawa masu muƙami, akwai Larabawa, akwai ma'aikatan bankin Goldman Sachs na Amurka. A wurin rabon ganima babu wanda ya tambayi ƙabilar wani ko alƙiblarsa. Sai da aka zo wurin tuhuma ne aka tuna da ƙabila. Bashin da aka bari kuwa daga baitulmalin kowa ake biyansa, kuma tun da Malayawa ne suka fi yawa, su ne suka fi yawa cikin waɗanda aka cuta. Har hukumar Tabung Haji, inda talakawa ke tara kuɗin aikin Hajji da kaɗan-kaɗan, ta sayi wani fili daga 1MDB a 2015 a kan ringgit miliyan 188.5, abin da ya tayar da hankalin masu ajiya. Wanda ya ce yana kare ƙabilarsa ta hanyar kare mai cin dukiyarta, to, ya zaɓi mutum ɗaya ne a kan miliyoyin danginsa.

Game da rufin asiri, malamai sun bambanta tsakanin zunubin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa da haƙƙin mutane da ke hannun mai iko. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin wata mace daga Banu Makhzum, babban gida a cikin Ƙuraishawa, wadda ta yi sata. Danginta suka ji nauyin abin, suka roƙi Usamatu ɗan Zaidu ya yi mata ceto. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi fushi, ya bayyana wa jama'a cewa abin da ya halaka al'ummomin farko shi ne ƙyale mai daraja in ya yi sata da hukunta mai rauni, ya kuma yi rantsuwa cewa ko 'yarsa ta cikinsa ba za ta tsira daga hukunci ba. Ya kuma koyar da cewa taimakon ɗan'uwa azzalumi shi ne a riƙe hannunsa daga zalunci. Batun kyauta ma an riga an yanke shi tun zamanin Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka ya dawo yana ware wani kaso a kan cewa kyauta aka ba shi. Aka nuna masa cewa da ya zauna a gidan iyayensa da kyautar ba ta same shi ba. Abin da muƙami ya jawo, na jama'a ne.

Sauran batun haɗa kai da wanda ba Musulmi ba. Kafin aiko Annabi, wani fatake daga ƙasar Yaman ya kawo kaya Makka, Asi ɗan Wa'ilu ya karɓa ya hana shi kuɗinsa. Baƙo ne, ba shi da dangi a garin. Sai wasu gidajen Ƙuraishawa suka taru a gidan Abdullahi ɗan Jud'anu, suka yi alkawarin tsayawa tare da duk wanda aka zalunta, ɗan gari ko baƙo, har a mayar masa da haƙƙinsa. Wannan shi ne Hilful Fudul. Manzon Allah ya halarce shi yana saurayi, bayan Annabci kuma ya yabe shi, ya nuna cewa da za a kira shi zuwa ga irinsa a Musulunci da ya amsa. Waɗanda suka ƙulla shi masu bautar gumaka ne, wanda aka tsayar wa ɗan garinsu ne, wanda aka tsaya wa kuwa bare ne. Gaskiya ba ta zama ƙarya don ta fito daga bakin wanda ba a salla tare da shi.

Tsoron fitina kuwa gaskiya ne, shi ya sa hanyar da aka bi take da muhimmanci. Abin da malamai suka hana shi ne zare makami. Mutanen Bersih ba su ɗauki makami ba. Sun yi tattaki, sun rubuta koke, sun je kotu, sun sa ido a rumfunan zaɓe. Da aka tsare shugabarsu Maria Chin Abdullah kwana guda kafin fitowar Nuwamba 2016, mata suka yi ta taruwa da kyandir har aka sake ta. Da aka sa zaɓen 2018 ranar Laraba, tsakiyar mako, mutane suka tara wa waɗanda ba su sani ba kuɗin mota don su koma garuruwansu, matafiya kuma suka ɗauko ƙuri'un mazauna ƙasashen waje da hannunsu. Wannan nasiha ce ga shugabanni da hani ga mummuna da harshe, ta ƙofar da dokar ƙasa ta buɗe.

Ran 9 ga Mayu 2018 haɗakar da ta yi shekara 61 tana mulki ta faɗi, kuma ba a zubar da jini ba. Ba ta faɗi ba sai da wani rabo na Malayawa ya juya mata baya. 'Yan sanda suka kwashe kayan ado kimanin 12,000 da jakunkunan hannu 567 daga gidajen da ke da alaƙa da Najib. A 2020 kotu ta ɗaure shi shekara 12, a 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar, aka kai shi kurkuku. Alƙalin da ya yanke hukuncin da Babbar Mai Shari'a da ta jagoranci tabbatar da shi duka Malayawa ne Musulmi. Musulunci bai ragu da komai ba a ƙasar saboda wannan. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Sai dai labarin bai ƙare da daɗi zalla ba. Sabuwar gwamnati ta rushe a Fabrairu 2020, bayan wata 22, kuma tsoron ƙabilanci yana cikin abin da aka yi amfani da shi wajen rusa ta. A 2022 tsofaffin 'yan adawa suka kafa gwamnati tare da UMNO ɗin da suka yaƙa. A 2023 aka janye tuhume-tuhume 47 da ke kan Mataimakin Firayim Minista, a 2024 kuma aka rage ɗaurin Najib zuwa shekara 6, ko da yake a Disamba 2025 wata kotu ta sake samunsa da laifi a babbar shari'ar 1MDB. Wasu da suka cika titi jiya sai murya ta yi ƙasa, domin yanzu nasu ne ke kan kujera. Ashe ƙabilanci yana iya tuɓe rigar jinsi ya sa ta jam'iyya.

Abin da za a ɗauka a nan shi ne, ba a sanin mai ƙin cin amana sai ranar da nasa ya ci. Tuhumar bare kowa ya iya. Haka kuma wajibi ne ga masu neman gyara su kiyaye harshensu, su kama mai laifi da sunansa, kada su shafa wa ƙabilarsa, su kuma saurari tsoron talakan da ke ganin ba shi da mafaka sai ƙabila. In bango bai tsage ba, ƙadangare ba ya samun wurin shiga, kuma mai cin dukiyar jama'a ya fi kowa sanin inda tsagar take.

Allah Ya nuna wa al'umma gaskiya, Ya ba ta ikon bin ta ko a kan wa ta faɗa. Ya shiryi shugabanni, Ya tsare talakawa. Amin.