Mai Ciwon Suga, Wayarsa da Tawakkalinsa



'Yan uwa, tambaya ɗaya ke yawan zuwa mini daga masu ciwon suga: Malam, wannan awon jini safe da yamma, da bin darussan likitoci a waya, ba raunin tawakkali ba ne? Ai kwana na Allah ne.

Haka ne, kwana na Allah ne. Amma lokacin annobar Amwas, Sayyidina Umar (RA) ya kai Sarg, bakin ƙasar Sham, ya ji labarin cutar, ya yi shawara, ya juya da jama'a. Da aka ce ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya nuna cewa juyawar ma ƙaddara ce. To wa ya fi Umar tawakkali a cikinmu?

Ciwon suga ya bambanta da zazzaɓi. Likita zai gan ka minti goma, sauran watan kuwa kai ne da kwanon tuwonka, da furarka, da shayin safe. Direban da ke ɗaukar kaya daga Magama zuwa Maraɗi, ba likita a gefensa lokacin da hannunsa ya fara rawa, gumi ya karyo masa. Shi ya kamata ya san cewa awo ƙasa da 70 faɗuwar suga ce, ya tsaya ya sha abu mai zaƙi nan take. Ga fasinja a bayansa, ga iyali a gida. A fahimtata, neman wannan ilimi wajibi ne a kansa, domin jiki amana ne, kuma abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne.

Mu mutanen kan iyaka muna da ƙarin dalili. Awon da aka yi maka a Katsina zai iya zuwa da 126 ko 7.0, na Maraɗi kuma ya zo da 1.26. Duk abu ɗaya ne, ma'auni ne ya bambanta, kuma shi ne iyakar da likitoci ke duba wa a awon da aka yi kafin a karya kumallo. Wanda bai sani ba zai ga 1.26 ya ce ya warke.

Sai dai ga inda gizo ke saƙa. A Magama kwastan na sauke buhu su bincika, amma saƙon murya da ke shigowa WhatsApp ba mai tare shi. Wani ya ce garinsa na kashe ciwon suga a kwana bakwai, ka ajiye allurar insulin. Wani ya ce ka yi ta shan zuma tunda Alƙur'ani ya ambace ta. Zuma alheri ce, amma tana ɗaga suga, kuma Annabi (SAW) bai hana mu zuwa wurin masana ba. Wallahi wanda ya tura irin wannan saƙo, wani ya bar magani aka yanke masa ƙafa, yana da kamasho a laifin. Malaman hadisi ba su karɓi magana ba sai sun san wa ya faɗa, daga wa ya ji. Haka za ka yi da maganar lafiya: waye shi, ina ya yi karatu, me yake sayarwa?

Haka batun azumi. Majalisar Fiƙihu ta Duniya ta zauna a Sharja a 2009 tare da likitoci, ta kasa masu ciwon suga gida-gida, ta ce waɗanda azumi ke jefawa cikin babban haɗari su sha. Likitoci kuma sun ce idan awo ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, a karya. Soka yatsa don awo ba ya ɓata azumi.

Wani zai ce, Malam, kana magana da masu data. Gaskiya ne. Mun ga 2021 da aka katse layukan waya a Jibiya saboda tsaro, mun ga rufe iyaka a 2023. Ga tsoffi da mata da ba su karatun boko. Allah ba zai kama su da abin da bai kai gare su ba, nauyin ya dawo kanmu masu waya. Kai da ka saurari darasi, ka zauna ka fassara wa mahaifiyarka. Ka rubuta awonta a littafi, don takarda ba ta jiran sabis. Ka ajiye mata insulin a inuwa kusa da randa idan ba firji, ka duba tafin ƙafarta kullum. Wannan ma biyayya ce ga iyaye.

Waya tana koyarwa, amma canza magani sai likitan da ya san ka.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya zaunar da yankinmu lafiya. Wallahu a'alam.