Dariya da Mutuncin Musulmi: Magana a Kan Wasan Kwaikwayo da Waƙa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halicci ɗan Adam, Ya girmama shi, Ya sanya masa kuka da dariya. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, dalilin wannan rubutu wata mas'ala ce da ta taso a unguwarmu, na kuma ga ya kamata a shimfiɗa ta a fili domin irinta tana tasowa a wurare da yawa. Iskar damina ta yaye rufin ajujuwa biyu na madarsarmu. Sai samarin masallaci suka same ni bayan sallar La'asar, suka ce suna so su shirya wasan kwaikwayo na ban dariya a farfajiyar madarsa bayan Salla, gajerun wasanni guda bakwai da waƙoƙi a tsakaninsu, a sayar da tikiti, abin da aka samu a sayi kwano da katako. Kafin gari ya waye magana ta raba dattawa gida biyu. Wasu suka ce wannan shashanci ne, ƙarya ce da kaɗe-kaɗe. Wasu suka ce yara sun yi tunani mai kyau, a sa musu albarka. Ni kuwa na ce ba zan yanke hukunci a kan abin da ban gani ba, sai na halarci gwajinsu tukuna.

Mu fara da asali: shin dariya kanta laifi ce? A'a. Ya tabbata cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, yana yin raha da sahabbansa, sai dai ba ya faɗin komai face gaskiya. Imamu Tirmizi ya ruwaito labarin mutumin da ya roƙe shi abin hawa, ya ce zai ɗora shi bisa ɗan taguwa. Mutumin ya damu, yana tsammanin ɗan ƙarami ake nufi, sai aka tuna masa cewa kowane raƙumi, kome girmansa, taguwa ce ta haife shi. Buhari da Muslimu sun ruwaito cewa mutanen Habasha sun yi wasa da māsu a cikin masallaci, Nana A'isha tana kallo a bayan Manzon Allah har sai da ta gaji don kanta. Amma kuma an ruwaito gargaɗi cewa yawan dariya yana kashe zuciya. Ashe raha kamar gishiri take a miya: in babu, miya ta yi lami, in ya yi yawa, ba ta shawuwa.

Tambaya ta biyu ta fi wuya: shin kwaikwayo ƙarya ne? Waɗanda suka hana suna kafa hujja da hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, wanda ya yi alkawarin azaba ga mai ba da labarin ƙarya don ya ba mutane dariya. Suka ce yaron da ya naɗa rawani ya ce shi alƙali ne, alhali ba alƙali ba ne, ai ya faɗi abin da ba haka yake ba. Wannan magana ce ta malamai masu tsoron Allah, bai halatta a yi musu izgili a kanta ba. Waɗanda suka halatta kuwa suka ce haƙiƙanin ƙarya shi ne ka sa mai sauraro ya gaskata abin da ka san ba haka yake ba. Wanda ya biya kuɗi ya zauna bisa tabarma yana kallo ya san sarai cewa wannan alƙali ɗan maƙwabcinsa ne, gemun kuma na auduga ne. Ba a ruɗe shi ba, misali aka buga masa, kamar yadda malamin Fiƙihu yake cewa: a ƙaddara wani ya mutu ya bar mata biyu da ƴaƴa uku, alhali babu wanda ya mutu. Ni dai zuciyata ta fi natsuwa da magana ta biyu, tare da girmama ma'abota ta farko.

Wannan abu kuma ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Tun kaka da kakanni yara suna fita tashe daga goma ga watan azumi, suna kwaikwayon tsoho da gwauro da mai gida marowaci, da waƙa da amshi. Akwai ƴan kama masu ba da dariya da zancen abinci, akwai wasan kara da aka san Damagaram da shi, inda talakawa suke kwaikwayon masu mulki da kayan kara. A zamanin Seyni Kunce, wanda ya yi mulki daga 1974 zuwa 1987, ƙungiyoyin samariya sun yi tashe, an buɗe gasar matasa ta ƙasa a Damagaram a 1976, kuma teyatur ya zama hanyar faɗakar da jama'a. Waɗanda suka ji ko suka ga wasannin Yazi Dogo da abokansa a rediyo da talabijin sun san yadda ake sa mutum ya yi dariya har ya riƙe ciki, sai ya koma gida ya tarar ashe halinsa aka nuna. Wasa makami ne. Hukuncinsa yana bin wanda aka sara da shi da kuma abin da ya sa aka sara.

To, na je wurin gwaji. Wasa na farko a kan ɗan kasuwa ne mai tiya biyu, babba ta saye da ƙarama ta sayarwa, mai ɓoye hatsi sai damina ta yi tsakiya ya fito da shi. Rannan ya aiki yaronsa ya auno wa gidansa gero, yaro ya kuskure ya auna da ƙaramar, uwargida ta yi masa ca. Na ce a raina, wannan tafsirin farkon Suratul Muɗaffifina ne a aikace. Na biyu a kan wani mai da'awar malanta ne, wanda yake karɓar rago baƙi da zakara ja a hannun matan da suka rasa haihuwa. Na uku a kan tsadar aure. Duk suka wuce lafiya.

Sai aka zo na huɗu. Wani saurayi, wanda ya fi su duka gwaninta, ya shigo yana jan ƙafa, yana i'ina, yana gyara hula ta wata irin hanya. Ba a ambaci suna ba, amma kafin ya buɗe baki sau biyu duk wanda yake wurin ya gane ko wane ne: wani bawan Allah ne talaka, wanda ba ya rasa sahun farko a masallacinmu. Wuri ya kece da dariya. Ina kuma shaida muku, domin ba zan ɓoye laifina in tona na yara ba, ni ma na yi dariya. Sai da na koma gida na kwanta abin ya dawo mini. Na tuna gobe da Asuba kafaɗarsa za ta taɓa ta wanda ya kwaikwaye shi, ni kuma zan juyo bayan sallama in dube shi. Na tuna yana da ɗiya a wannan madarsa da ake son a rufa, kuma za ta zauna cikin ƴan kallo.

A nan ne mas'alar take, ya ku bayin Allah. Aya ta 11 a Suratul Hujurati ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, ta kuma ba da dalili: mai yiwuwa wanda ake yi wa ya fi mai yi alheri a wurin Allah. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa Nana A'isha ta taɓa kwaikwayon wani mutum a gaban Manzon Allah, ya nuna mata ba ya son haka ko da za a ba shi dukiya mai yawa. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya bayyana a cikin Ihya'u cewa giba ba da harshe kaɗai ake yin ta ba: ana yin ta da ido, da hannu, da kwaikwayon tafiyar mutum, har ya ce ta kwaikwayo ta fi muni domin ta fi bayyana siffa. Ɓoye suna ba ya kankare laifi matuƙar masu kallo sun gane.

Saboda haka ga ma'auni guda biyu. Na farko, a bambanta hali da halitta. Tauye mudu hali ne, mutum ya zaɓe shi, yana kuma iya barinsa gobe, dariyar da aka yi masa tana iya zama sanadin tubansa. I'ina da gurguntaka da makanta halitta ce, wanda ya yi musu dariya bai gyara kowa ba, aikin Mahalicci ya raina. Na biyu, a bambanta aibi da mai aibi. A nuna rowa, kada a nuna wane marowaci. In aka nuna rowa, kowane marowaci a cikin taro zai ji a jikinsa, mutuncinsa kuma a rufe, ƙofar gyara a buɗe. In aka nuna wane, sauran marowata za su yi dariya su tafi da rowarsu, shi kuwa ya tafi da ƙiyayya. A yau ma abin ya ƙara nauyi, domin babu taron da ba a ɗaga wayar salula a ɗauka. Magana zarar bunu ce, balle wadda ta shiga WhatsApp: za ta kai Maraɗi da Tawa da Yamai kafin a naɗe tabarmi.

Akwai abin da ya ba ni kunya game da mu manya. Da labarin wasannin ya bazu, waɗanda suka zo mini da fushi a kan wasan malamin tsibbu suka zo, wai an ci mutuncin malamai. Ko mutum ɗaya bai zo a kan mai i'ina ba. Laifi tudu ne, mun taka namu mun hango na yara. Tona asirin mai cin dukiyar mata da sunan addini hidima ce ga addini, kuma malamin gaskiya ba shi da abin tsoro a ciki. Iyakar da na gindaya ita ce kada a sa karatun Alƙur'ani, ko kiran salla, ko siffar salla, ko wani hukuncin Shari'a a cikin abin dariya, domin aya ta 65 da ta 66 a Suratut Tauba sun sauka ne a kan mutanen da suka yi irin wannan, suka kuma ba da hanzarin cewa wasa kawai suke yi, ba a karɓa musu ba.

Game da waƙa, mu mabiya mazhabar Imamu Malik mun san Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ta hana sauraron kayan kaɗe-kaɗe da waƙar shagala da gangan, an kuma yi rangwame ga bandiri a wajen aure. Buhari da Muslimu sun ruwaito labarin ƴan mata biyu da suke waƙa a ɗakin Nana A'isha ranar Idi, Sayyidina Abubakar ya tsawata musu, Manzon Allah ya ce a ƙyale su. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta ta ƙasar Gobir a 1754, ya karantar da jama'a ta hanyar waƙa, haka ma ɗiyarsa Nana Asma'u ta yi da ƴan taru. Don haka na ce wa samarin su yi waƙoƙinsu da baki da amshi, kalmomi masu tsabta, babu zambo babu habaici ga wani sananne, su bar ganga da garaya domin fita daga saɓani. Na kuma hana namiji ya ɗaura zane ya yi kwalliyar mata, saboda hadisin Buhari da ya la'anci maza masu kamanta kansu da mata. In labari yana buƙatar uwargida, a ji saƙonta daga bakin ɗan aike. Maza su zauna gefe, mata gefe, a tashi kafin Magariba.

Saurayin nan bai karɓi maganata da sauƙi ba, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce. Ya ce: “Allah gafarta malam, wannan wasan shi zai cika farfajiya. In an cire shi kuɗin ba za su kai ba, yara za su ci gaba da karatu a rana. Mutuncin mutum ɗaya na dare ɗaya, da inuwar yara masu yawa na shekaru, wanne ya fi?” Na ce masa: “Ɗana, mutuncin nan ba naka ba ne, ba nawa ba ne, balle mu sayar da shi mu sayi kwano. Da kuɗinsa muka ɗauka ba da izninsa ba muka rufa aji, da kowa ya kira shi sata, alhali a huɗubar ban kwana an haɗa jini da dukiya da mutunci a haramci guda. Allah mai tsarki ne, ba Ya karɓa sai mai tsarki. Kuma me za mu karantar a ƙarƙashin rufin da aka saya da hawayen mahaifin ɗaliba?” Ya yi shiru ya tafi. Bayan kwana biyu ya dawo da wani wasa a madadinsa, a kan mutumin da yake barci tun daga farkon huɗuba har a ta da iƙama, sa'an nan ya fita yana gyara wa liman kuskure. Na yi dariya, wannan karon ba tare da na rasa barci ba.

Mai yiwuwa ne abin da za a samu ya gaza abin da aka yi fata. In haka ta faru, cikon yana wuyanmu mu masu hali, kada mu bar wa yara. Ina kira ga iyaye da su halarta su ƙarfafa musu gwiwa, ina kuma kira ga duk mai shirya irin wannan a wani gari da ya auna kowane wasa da tambaya ɗaya: da wanda ake kwaikwayo yana zaune a gaba tare da ƴaƴansa, zan iya yi? Ni kaina na nemi gafarar Allah a kan dariyar da na yi a wancan dare.

Allah Ya tsare harsunanmu da gaɓoɓinmu daga cin naman ƴan'uwanmu, Ya shiryi matasanmu, Ya sa farin cikinmu ya kasance cikin abin da Ya yarda da shi. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni. Allah ne mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.