Laifin Mai Kamfani, Kunyar Mai Mota

A farkon shekarar 2025 wata 'yar sitika ta fara yawaita a bayan motocin Tesla a biranen Turai da Amurka. Saƙonta gajere ne: mai motar na sanar da jama'a cewa ya saye ta ne tun kafin Elon Musk ya zauce. Mutum ya biya kuɗinsa, bai saci motar ba, bai kaɗe kowa da ita ba, amma ga shi yana ba mutanen titi haƙuri.

Abin da ya jawo haka sananne ne. Musk, shugaban kamfanin, ya fito fili ya goyi bayan AfD, jam'iyyar masu tsananin ƙyamar baƙi a Jamus. A ranar 20 ga Janairu, wurin bikin rantsar da Donald Trump, ya miƙa hannu irin miƙawar da mutane da yawa suka fassara da gaisuwar 'yan Nazi, shi kuma ya musanta. A Jamus ba a wasa da wannan. A watan Fabrairu cinikin Tesla a ƙasar ya faɗi da kashi 76 cikin ɗari idan aka kwatanta da Fabrairun shekarar da ta gabata, ko da yake sauya samfurin Model Y da gogayyar wasu kamfanoni su ma sun taka rawa. A watan Maris aka ƙona motoci a wurin dillancin kamfanin kusa da Toulouse a Faransa. A watan Yuni wasu masu hayar motar su kusan goma suka kai ƙara kotu a Paris, suna neman a warware yarjejeniyarsu, domin a cewarsu motar ta koma tambarin wata siyasa da ba tasu ba.

Idan muka saya abu da zuciya ɗaya, daga baya mai sayarwar ya yi abin kunya, nawa ne rabonmu a ciki?

Amsar da ta fi saurin zuwa mana ita ce babu ko anini, an bar jaki ana dukan taiki. Mu ɗauki ma'aikaciyar jinya a wajen birnin Berlin da ta ci bashin banki ta sayi motar a 2021 don ta huta da tsadar fetur da hayaƙi. Da dare ta jona ta da wuta, da safe ta kai yara makaranta, a lokacin sanyi ta riƙa lissafin inda batir zai kai ta. Babu Musk a cikin wannan duka. Wanda ya karce mata fenti da makulli bai taɓa attajirin ba, ita ya ja wa asara.

Sai dai amsar ba ta ƙare a nan ba, kuma laifin irin motar ne. Wanda ya sayi tsohuwar Fijo, ranar da ya biya ya rabu da kamfanin. Sauran sha'anin tsakaninsa ne da makanikensa. Tesla kuwa ba ta sakin mai ita. Da manhajar kamfanin a wayarsa yake buɗe ta, kamfanin ke aiko mata gyara ta intanet tana ajiye a ƙofar gida, idan ya yi doguwar tafiya sau da yawa a tashar cajin kamfanin zai tsaya ya biya. Cinikin ya fi kama da zaman haya. Wanda ya ce shi ya gama da su tun 2021 bai faɗi gaskiya duka ba.

To, ya sayar da ita mana. Nan ne muke ganin an fi yin rashin adalci. Farashin Tesla ta hannu ya karye, don haka mai sayarwa zai yi asara. Mai hali zai iya haɗiye asarar, ya sayi wata, ya fita titi da fuska a wanke. Mai biyan bashi wata-wata ba shi da wannan zaɓin, sai ya sayi sitika. Motar da aka sayar kuma ba ta ɓace ba: wani mai ƙaramin ƙarfi ne ya same ta da araha, ya gaji hararar da ke tare da ita. Ashe wanke kai ma sai da kuɗi.

Ƙin saye daban ne. Wanda bai saya ba tukuna, kuɗinsa na hannunsa, yana da ikon hana su ga wanda yake ganin zai yi ɓarna da su, kuma alƙaluman Jamus sun nuna saƙon na isa. A nan muna tare da masu ƙauracewa. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a mayar da maƙwabci allon rubuta fushi.

Kuma fushin namu yana da zaɓe. A 1937 aka kafa Volkswagen ƙarƙashin mulkin Nazi, a 2015 aka kama kamfanin yana maguɗin gwajin hayaƙi. Henry Ford ya shafe shekaru yana buga ƙyamar Yahudawa a jaridarsa, har gwamnatin Hitila ta ba shi lambar yabo a 1938. Babu mai ba da haƙuri yau don yana tuƙa Golf ko Ford. Fiye da rabin ma'adinin kobalt na duniya, wanda ke shiga batiran motoci da dama da na wayar da ke hannunmu yanzu, daga Kongo ake haƙo shi, wani ɓangare a ramukan da har yara ke aiki. Ba mu taɓa ganin sitikar wannan ba. Yaron ramin ba ya fitowa a labarai kullum, Musk kuwa ba ya kwana bai yi magana ba.

Shi ya sa muke zargin cewa sitikar ba tuba ba ce. Ba Musk aka rubuta wa ba, ba kuma baƙin da AfD ke son a kora ba. An rubuta ta ne domin wanda zai wuce ta gefen motar da dare, riƙe da makulli.